Littafin Haraji da Buhun Agaji: Yadda Hukuma Ta San Manomin Arewacin Kano

A zamanin En'e babu takardar da magidanci a ƙasar Dambatta ko Bichi ko Minjibir yake lallaɓawa kamar rasit ɗin haraji. 'Yar ƙarama ce, akan naɗe ta a tsumma ko a cusa ta cikin hula, domin idan mutum ya fita cin rani ɗan doka yana iya tare shi a hanya ya ce ya fito da ita. Wanda ya nuna ya wuce abinsa. Wanda ya rasa ta kuwa ya shiga uku, ko dai ya kwana a hannu ko ya sake biya.

Bayan wannan 'yar takarda akwai dogon tsani. Maigida ya biya mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya ɗaure kuɗin ya nufi gidan hakimi, ya zube ya ce ranka ya daɗe, malamin haraji ya buɗe littafi a bi suna bayan suna, daga nan a wuce da kuɗin baitulmali a birni. Duk shekara sai an sake lissafi: wa ya rasu, wa ya yi ƙaura, wane yaro ne ya isa biya. Makiyayi kuma a ƙirga masa shanu a yanka masa jangali. Ba waya, ba kwamfuta, ba ma titin kirki, amma da wuya a sami gidan da ya kuɓuce wa wannan littafi.

Sai dai tsanin da kuɗi yake hawa cikin 'yan makonni, idan shekara ta ɓaci aka ce hatsi ya sauko ta kansa, sai ya gagara. An ga haka a 1914, an gani a 1927, an kuma sake gani a 1973. Hukumar da ta san yawan gonakin kowane ƙauye ita ce takan zama ta ƙarshe wajen sanin cewa rumbunan ƙauyen sun koma wayam.

Ƙasar da ba ta hutawa

Wanda ya bi hanyar Daura daga Kano, ko ya bi ta Katsina ya ratsa Dawanau da Bichi da Tsanyawa, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, tsakaninsu ɗan layin gamba, a tsakiya ga gawo ga ɗorawa ga kuka da tsamiya waɗanda kakanni suka bari da gangan. A shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya auna wannan yanki, ya tarar cewa a kewayen birni sama da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar ana nome ta kowace shekara, ba a barin saura. Taki ne ya riƙe ta: kashin awaki da tumaki da ake turkewa a gida duk damina, da tokar murhu, da jujin birni wanda jakuna suke kwasowa a mangala bayan sun sauke itace.

Noma ne na gwaninta, amma rararsa kaɗan ce. Damina ɗaya ce tak, kimanin wata huɗu, a cikinta za a fitar da gero da dawa da wake da gyaɗa. Gonar gado kuma kullum rabuwa take yi tsakanin 'ya'ya. Magidanci mai ƙaramin ƙarfi yakan cinye abin da ya noma tun kafin ruwa ya sake sauka, sai ya cike giɓin da saƙa ko rini ko jima ko fatauci. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta nuna cewa waɗannan sana'o'i ne suka sa karkarar Kano ta yi arziki wajen 1900, kuma da suka ja baya a zamanin Turawa sai talauci ya daɗa kankama.

Yunwa a nan ba ta zuwa ba sallama. Idan ruwa ya ɗauke a Agusta, manomi ya san matsayinsa tun a Satumba, da zarar ya murza zangarniya a tafin hannu ya ga ƙaiƙayi ya fi ƙwaya. Amma ba zai ji jiki sosai ba sai bazara, kuma abin ba zai kai maƙura ba sai Yuli da Agusta na shekara mai zuwa, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, ga shi kuma a lokacin ne ake buƙatar ƙarfin riƙe fartanya. Tsakanin alamar farko da tsananin bala'in akwai wata goma zuwa goma sha ɗaya. Duk hukumar da ta makara a irin wannan hali ba ta da hujjar cewa abin ya zo mata ba zato.

Daga dami zuwa sule

Kafin zuwan Turawa hakimai a birni suke zaune kusa da sarki, jakadunsu ne ke zagaya ƙauyuka suna karɓo kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da na karofi, da wuri kuma ake biya. Akwai zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma, wadda shari'a ta ce haƙƙin mabuƙata ce, ana tara wani kaso nata a rumbunan masu sarauta. Bai kamata a ƙawata wancan zamani fiye da kima ba. Jakada yana da nasa cin, yunwa kuma ta sha yin ɓarna, har tsofaffi suka riƙe sunan Banga-banga ta tsakiyar ƙarni na 19. Amma aƙalla wani sashe na abin da ake karɓa hatsi ne, yana nan a ƙasar, talaka kuma yana da bakin zuwa ƙofar mai sarauta ya nemi rance ko iri.

Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Cikin 'yan shekaru suka sake wa mulkin karkara fasali. Aka harhaɗa ƙauyuka aka yi gundumomi, aka tura hakimai su tare a can, Sarkin Bai a Dambatta, Madaki a Dawakin Tofa. Aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, kuɗin da aka tara kuma a raba shi biyu, rabi na gwamnatin Turawa, rabi na En'e. Zakka da sauran kuɗaɗen da aka saba duk aka narkar da su cikin haraji guda. Wajen 1909 aka shigo da awon gonaki a gundumomin da ke kewaye da birni: malamai su bi iyakar gona suna takawa suna ƙirgawa, a yanka wa mai ita abin da zai biya. Waɗannan malaman taki sun zama abin tsoro, domin wanda ya ba su abin hannu gonarsa takan ragu a littafi, wanda bai bayar ba ta ƙaru. Daga baya Turawan da kansu suka watsar da tsarin.

Canjin da ya fi taɓa rumbu shi ne na kuɗi. Haraji ya koma sule da kwabo, ba wuri ba, ba dami ba, kuma da kaka ake karɓarsa, lokacin da hatsi ya fi araha. Manomi ya kai dawa kasuwa ya karyar don ya sami rasit, in damina ta yi nisa ya dawo ya saye ta da tsada, ko ya ci bashin da zai biya da amfanin da ke gona.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Kamfanonin Turawa suka shiga sayen gyaɗa a farashin da ba a taɓa gani ba, fataken Kano kuma suka bazu ƙauyuka suna ba da kuɗi da kaya. Gyaɗar da Najeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913, mafi yawanta daga ƙasar Kano. Manomi ya ga hanyar biyan haraji ta samu, ya ƙara wa gyaɗa fili. A daminar 1913 ɗin ce ruwa ya ƙi.

Tana cikin daminun da suka fi muni a duk tarihin awon ruwa a Kano. Gero ya bushe a tsaye, rijiyoyi suka ƙafe, abin ya game Katsina da Borno da Damagaram. Kafin tsakiyar 1914 mutane sun sayar da dabbobi da tufafi, wasu har da gonaki. Aka koma cin tafasa da yaɗiya da anza, ana tona gidan tururuwa don ɗan hatsin da ta tara. Jama'a daga ƙasashen da Faransa ke mulki suka yi ta kwararowa kudu ta gundumomin arewa suna neman birni, da yawa suka faɗi a hanya. A.C.G. Hastings, wani jami'in mulki da ya ga abin da idonsa, ya bayyana shi a littafinsa na 1925, kuma ƙiyasin Turawan da kansu ya kai dubun-dubatar rayuka a lardin Kano kaɗai. Kowane yanki da sunan da ya ba ta, wasu su ce Ƙaƙalaba, wasu Gyallare, wasu Malali.

To, ina hukuma? A Janairun 1914 Lugard ya haɗe Arewa da Kudu, hankalin manya yana can. A Agusta, daidai lokacin da yunwa ta fi cizo, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka juya wajen Kamaru. Babu rumbun ajiya na gwamnati, babu rubutaccen tsarin abin da Di'o zai yi idan amfani ya lalace. Michael Watts, wanda ya tona takardun wancan zamani a littafinsa Silent Violence na 1983, ya nuna cewa agajin da aka kawo ya yi kaɗan, ya kuma zo a makare, ihu bayan hari. Ko da jirgin da ke kwasar gyaɗa zuwa Ikko ya dawo da abinci, daga tasha zuwa Kunci ko Makoɗa sai a bayan jaki, jakunan kuwa an sayar da wasu, wasu sun mutu.

Ba a Kano aka fara ba

Turawan da suka mulki Kano ba baƙin yunwa ba ne. Kusan shekara 70 kafin Ƙaƙalaba, an yi wadda ta fi ta a tsibirin Ayilan, maƙwabcin Ingila, wanda a lokacin majalisar Landan ce ke mulkinsa kai tsaye. Mutanen tsibirin sun haura miliyan 8, talakawansu manoma ne masu ƙananan gonakin haya, abincinsu dankalin Turawa safe da dare. Hukuma ba ta rasa tsari ba. Tun 1831 akwai hukumar ayyuka mai gina hanyoyi da gadoji da tashoshin jiragen ruwa. A 1838 aka raba ƙasar yanki 130, kowanne da gidan gajiyayyu wanda harajin masu dukiyar yankin ke ɗaukar nauyinsa. Ga 'yan sanda a kowane lungu suna aika rahoto.

Da cuta ta kama dankali a 1845, firaminista Robert Peel ya sayo masara ta fam 100,000 daga Amurka. A 1846 cutar ta shafe amfanin kusan baki ɗaya. Gwamnatin da ta gaji Peel, tare da Charles Trevelyan na baitulmalin Landan, ta ƙi shiga kasuwar hatsi, ta ce mai jin yunwa ya zo ya yi aiki a biya shi. Zuwa Maris 1847 sama da mutum 700,000 ne ke fasa dutse da haƙa hanya cikin sanyin hunturu, a kan ladan da bai isa ciyar da iyali ba, wanda kuma sau da yawa yakan makara. Har yau akwai hanyoyin da aka gina a lokacin waɗanda suka tsaya a tsakiyar fili ba su kai ko'ina ba. Da aka ga mutane suna mutuwa a bakin aiki sai aka rufe ayyukan, aka buɗe wuraren dafa abinci. A Yulin 1847 kusan mutum miliyan 3 ake ba fate kullum, mace-mace kuma suka ragu.

Wannan shi ne matakin da ya yi amfani, shi ne kuma aka dakatar bayan 'yan watanni. Aka mayar da nauyin kan gidajen gajiyayyu da harajin yankunan da suka riga suka durƙushe, aka ƙara da sharaɗin cewa duk mai riƙe da fiye da rubu'in eka sai ya saki gonarsa kafin a taimake shi. Kimanin mutum miliyan 1 suka mutu, sama da miliyan 1 suka yi hijira.

Tunanin da ya yi wannan ɓarna bai mutu tare da mutanen ba: kada gwamnati ta taɓa kasuwa, kada a ba mai ƙarfi kyauta, kowane yanki ya ji da matalautansa. A Indiya, bayan hukumar bincike ta 1880, an rubuta dokokin yunwa waɗanda suka faɗi alamomin da jami'i zai lura da su da matakin da zai ɗauka. A Indiya aka haifi Lugard, ya kuma yi aikin soja a can. Amma dokokin ba su biyo shi Arewa ba. Abin da ya biyo shi shi ne ƙa'idar cewa yanki ya ci da kansa, agajin talakan Kano sai dai daga baitulmalin Kano.

Ruwan famfo a birni, aikin tilas a ƙauye

Daminar 1926 ta gaza, 1927 ta zo da yunwar da ake kira Mai Buhu, saboda buhunan hatsin da aka riƙa kawowa daga nesa. Wannan karon hukuma ta ɗan motsa fiye da na 1914, sannan shimfiɗa layin dogo zuwa Nguru, wanda ya ratsa Jogana da Zakirai ya isa can a 1930, ya ba wasu abin yi a waɗannan shekaru.

A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953, baitulmalin Kano ya fi na kowace masarauta a Arewa kauri, an kuma yi ayyukan a zo a gani da shi: asibitin birni, makarantar Midil, da aikin ruwan famfo da lantarki daga Challawa da aka buɗe a 1931. Ayyuka ne na gaske, Kano ta daɗe tana cin moriyarsu. Amma kuɗin manomin karkara ne ya gina su, shi kuwa abin da ya iso wajensa bai wuce ɗakin shan magani da elementare guda a garin hakimi ba, sai rijiyar siminti nan da can daga shekarun 1930. Kada a raina wannan rijiya. A ƙasa mai yashi, inda rijiyar gargajiya takan rubza, samun wadda za ta kai rani ba ta ƙafe ba ya rage wa mata da yara tafiya mai nisa da tulu a ka.

Hanyoyin kuwa da gumin talaka aka yi su. Bayan kowace damina hakimi ya aiko, dagaci ya fitar da mutane gida-gida, su share hanya, su cike zaizaya, su gyara barikin da Di'o zai sauka, su ɗauki kayansa a ka idan ya zo rangadi. Dokar 1933 ta taƙaita aikin tilas, amma ta bar ƙofa a buɗe ga ayyukan da aka ce na gari ne. Daga 1942 zuwa 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka riƙa ɗiban ƙarti daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna, aka kuma sa masarautu tara hatsi a farashin gwamnati don ciyar da lebura da soja. A wannan tsakanin aka yi yunwar 'Yar Gusau. Bayan shekara goma Muda ta biyo, ita kuma yawan ruwa ne ya jawo ta, garin rogo daga kudu ya rufa wa gidaje da yawa asiri.

Saboda haka da jam'iyyar NEPU ta kafu a Kano a Agustan 1950, ba ta sha wahalar samun masu saurare a karkara ba. Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa ba su ƙirƙiro koke-koken ba, haraji da jangali da aikin tilas da noman gandun masu sarauta duk a bakin talaka suka tarar da su.

Farin 1973 da madatsun ruwa

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kwamishinan 'yan sanda Audu Bako ya zama gwamna. Daminar 1972 ta yi rauni, ta 1973 ta fi ta lalacewa. Amma zamani ya canja: akwai tituna da manyan motoci, akwai jaridu da rediyo da ke kai kuka, akwai kuɗin man fetur. Gwamnatin Janar Gowon ta ware kuɗi, aka kafa kwamitocin agaji, motocin hatsi suka shiga ƙauyuka. Ba a ga mace-mace irin na 1914 ba.

Duk da haka, Mortimore, wanda ya bi ƙauyukan ƙasar Dambatta a lokacin, ya nuna a littafinsa Adapting to Drought na 1989 cewa hatsin agaji ɗan ƙaramin kaso ne na abin da ya raya mutane. Abin da ya raya su shi ne sayar da akuya da tunkiya, da ƙodago, da saran itace, da saƙar tabarma da tufkar igiya, da cin rani a birni da kudu, da taimakon dangi. Kafin a gama farfaɗowa, cutar gyaɗa ta 1975 ta zo ta ƙarasa rusa dalar gyaɗa.

Amsar da Audu Bako ya bayar ita ce ruwa. Madatsun Bagauda da Tiga, wadda aka kammala a 1974, su ne aka fi sani, amma a arewacin jihar ma akwai Tomas a ƙasar Dambatta, da Gari a Kunci, da Watari a Bagwai, da Jakara a wajen Minjibir, wasunsu an kammala su bayan saukarsa a 1975 a hannun hukumar ruwa ta WRECA. Wanda ya je Bagwai a watan Fabrairu, lokacin da gonakin tudu suka koma fari fat, zai ga kore shar a bakin magudanai, tumatir da albasa da masara, samari sun naɗe wando suna karkatar da ruwa daga kwami zuwa kwami, kwanduna jere a bakin hanya suna jiran mota. Ba don wannan ruwa ba, da yawa daga cikin waɗannan samari da yanzu suna kudu suna tura baro.

Aikin bai rasa aibu ba. Akwai waɗanda ruwa ya cinye gonakinsu na gado. Jakara ta zama matattarar ƙazantar birni da ta masana'antun Bompai. Can ƙasa kuma, fadamun Haɗeja da Nguru sun tsuke bayan madatsun Tiga da Challawa sun tare ruwa. Amma a cikin dukan ayyukan da hukuma ta yi wa wannan karkara, babu wanda ya kai wannan taɓa tushen matsalar, domin ya ba manomi girbi na biyu. A farkon shekarun 1980 hukumar raya noma ta KNARDA, da rancen Bankin Duniya, ta ƙara da rijiyoyin burtsatse da hanyoyin karkara da ƙananan injinan ban ruwa a fadamu.

Bayan an rufe littafi

A Oktoban 1979 Gwamna Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna, kuma da gaskiyarsu. Sai dai littafin ya tafi tare da harajin. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya riga ya raba En'e da iko, yanzu kuma ƙaramar hukuma daga asusun tarayya take samun kuɗinta, ba daga aljihun manomi ba, don haka ba ta da abin da zai sa ta ƙirga shi duk shekara. Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe tun 2006 aka yi ta.

Ana ganin sakamakon duk lokacin da aka ce za a yi rabon tallafi, kamar a kullen korona na 2020 da bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Buhunan shinkafa da masara su iso sakatariya, a rasa jerin sunayen da kowa ya yarda da shi, sai a koma ga shugabannin mazaɓa. Gwauruwar da ke riƙe da marayu a wata unguwa mai nisa da titi ba lalle ta ji labarin ba sai an gama. Gwamnatin tarayya ta fara rajistar matalauta wajen 2016, aka riƙa biyan wasu gidaje naira 5,000 a wata, a 2023 kuma ta yi alƙawarin naira 25,000 har wata uku ga gidaje miliyan 15. Amma hanyar biyan tana neman lambar ɗan ƙasa da asusun banki ko waya, waɗanda matalautan karkara, musamman mata, su ne suka fi rasawa. Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, wadda aka kafa a 2003, tana nan, sai dai mafi yawan zakkar hatsi har yanzu daga hannun manomi take zuwa hannun maƙwabcinsa.

Ba abinci ne babu ba. Kasuwar Dawanau da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa tana cikin manyan kasuwannin hatsi a Afirka ta Yamma, motoci suna lodi zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. A Fabrairun 2024, da farashi ya yi tashin gwauron zabi, hukumar yaƙi da rashawa ta jiha ta rufe wasu rumbunan 'yan kasuwa a can bisa zargin ɓoye kaya. Rufe rumbun ɗan kasuwa a Fabrairu ba zai sa kuɗi a aljihun manomin Makoɗa a Yuli ba. Abin da ya fi dacewa shi ne hukuma ta yi nata rumbun tun da kaka, ta kuma san wa za ta ba.

Sanin kuwa mai yiwuwa ne, an ma gwada. A yaƙi da cutar shan inna, masu unguwanni da dagatai ne suka riƙa raka masu rigakafi gida-gida, suna faɗin inda aka yi haihuwa da inda aka ƙi buɗe ƙofa. Kano ba ta sake samun cutar daga asalin ƙwayarta ba tun 2014, kuma a Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita. Mai unguwar da ya san yawan jarirai a unguwarsa ya san gidan da bai ɗaure dami ashirin ba bana, ya san wadda mijinta ya tafi bai aiko ba. Ba a tambayarsa ne kawai. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ƙananan hukumomi 44 na Kano ba su da uzurin barin wannan aiki, muddin kuɗin ya iso hannunsu.

Lissafin gidajen mabuƙata na Oktoba ne, da zarar an gama yankan gero, a kuma karanta sunayen a bainar jama'a a ƙofar gidan dagaci don kada a maimaita halin malaman taki. Sayen hatsi na Nuwamba da Disamba ne, lokacin da ya fi araha. Daga Janairu zuwa Afrilu, sa'ad da ƙarti ke cika motocin Legas da Fatakwal, a buɗe aikin gyaran hanyoyin kasuwa da yashe rijiyoyi da tafkuna, a biya lada duk mako, ladan da zai sayi kwanon da iyali za su ci. Daga Yuni zuwa Agusta kuma a ba gidajen da ke cikin lissafi hatsi ba tare da sharaɗin aiki ba, domin a waɗannan watanni duk wanda aka janye daga gonarsa zuwa fasa dutse an rage masa girbin shekara mai zuwa.